An Ce Ƙashin Bayanka Ya Goce?

Da an gama girbi, rumfar jiran ganin likita takan cika da masu dafe da ƙugu. Wannan ya yi wata uku a sunkuye cikin gona, wancan damin hatsi ya ɗaga ya ji kamar an tsinke masa wani abu, waccan kuwa tun da ta haihu ba ta ƙara jin daɗin daka ba. In ka tambayi abin da ke tafe da su, amsar kusan ɗaya ce: "Bayana ne, likita."

A ƴan shekarun nan an sami ƙari a kan wannan amsa. Kwanan baya wani dattijo ya ciro wayar ɗansa ya nuna mini bidiyo. Ga mutum kwance rub da ciki a kan siririn gado, ga wani mai farar riga ya ɗora hannu biyu a bayansa ya danna da sauri, ka ji ƙas, ƙas, mutumin ya miƙe yana dariya. Dattijon ya ce, "Ɗana, an gaya mini ƙashin bayana ne ya goce, shi ya kawo mini hawan jini da ciwon kai. Ko kuna da mai mayar da shi a nan? In ya koma, ai na huta da shan ƙwaya."

Ba shi kaɗai ke wannan tambaya ba. Wasu a waya suka gani, wasu a birni suka ji, inda ake kwantar da mutane a kan gadon tausa mai aiki da lantarki ana ce musu zai miƙar da baya ya kori ciwon suga. Tambayar ba ta wauta ba ce, domin akwai gaskiya a cikinta. Sai dai gaskiyar ta cakuɗe da abin da ba haka yake ba, kuma a ƙasarmu wannan cakuɗa tana iya jawo wa mutum asarar ƙafafunsa. Shi ya sa muka ware wannan ɗan littafi domin a bi maganar daki-daki.

Daga ina maganar ta fito?

Daga Amurka ta fito. Akwai wani mutum, Daniel David Palmer, haifaffen Kanada, wanda ya zauna a garin Davenport cikin jihar Ayowa. Bai yi karatun likita ba. Ya taɓa koyarwa a makaranta, ya yi kiwon zuma, ya yi kanti, daga baya ya shiga yi wa mutane magani ta hanyar shafa jiki da hannu. A shekarar 1895 ya duba wani mai share ginin da yake aiki a ciki, Harvey Lillard, wanda ya yi shekara 17 ba ya ji sosai. Palmer ya ce ya tarar da wani ƙulli a bayansa, ya danna shi, ji ya dawo. Daga nan ya ɗauka cewa ya gano tushen cuta. A ganinsa, in ɗaya daga cikin ƙasusuwan baya ya ɗan goce daga mazauninsa, sai ya matse jijiya, saƙon da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ya kasa isa ga gaɓar da ya nufa, gaɓar ta kamu da ciwo. Har ya rubuta cewa kashi 95 cikin 100 na cututtuka daga nan suke tasowa. Aka raɗa wa aikin suna kiropiraktik, daga kalmomin Helenanci biyu masu nufin aikin da aka yi da hannu. A 1897 ya buɗe makaranta, ɗansa ya gaje shi ya faɗaɗa ta, sana'ar ta bazu zuwa ƙasashe da yawa. Yau a wasu ƙasashen sai mutum ya yi shekara huɗu ko biyar yana karatu, ya karɓi takardar izini, kafin ya taɓa bayan wani.

Ka ga dalilin da ya sa maganar ke da daɗin ji. Cuta ɗaya, tushe ɗaya, magani ɗaya, ba allura, ba ƙwaya, ba wuƙa. Wanda ya gaji da sayen maganin hawan jini kowane wata ba zai ƙi jin haka ba.

Yadda aka gina baya

Ka sa hannu a tsakiyar bayan ɗanka ka bi shi daga wuya zuwa ƙasa, za ka ji ƴan tudu a jere. Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa 33 ne aka ɗora wani kan wani: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari ke kamawa, 5 manya a ƙugu waɗanda ke ɗauke da yawancin nauyi, sauran 9 na ƙasa kuma sun manne da juna in mutum ya girma. A tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifai na guringuntsi mai taushin ciki, aikinsa irin na gammo ne tsakanin kai da tulu. Kowane ƙashi yana da rami a bayansa, ramukan sun haɗu sun zama dogon bututu, a cikin bututun nan laka take. Duk wanda ya taɓa feɗe akuya ya san ta, farar igiyar nan mai laushi da ke tsakiyar gadon baya. Daga laka jijiyoyi ke fita bibbiyu, dama da hagu, har jeri 31, su tafi hannuwa, ƙirji, ciki, mafitsara da ƙafafu.

To a nan Palmer yana da gaskiya: baya hanyar saƙo ce tsakanin kai da jiki. In laka ta sami rauni, ƙafafu na iya shanyewa, fitsari da bayan gida su ƙwace, ko da ƙafar da mafitsarar lafiyarsu ƙalau.

Amma Ubangiji bai jera ƙasusuwan nan kamar tubalin da aka ɗora ba kwaɓi ba. An ɗaure su da igiyoyin nama masu tsananin ƙarfi, gaba da baya, ga tsoka mai kauri ta rufe su. Mahauci ma sai ya sa gatari yake raba su. Ƙashin baya mai lafiya ba ya zamewa don ka sunkuya ko ka kwana a karkace, ba ya kuma komawa don wani ya danna da tafin hannu. Ƙarar da kake ji a bidiyo irin wadda kake ji ce in ka ja yatsanka: iska ce ke motsi cikin ruwan da ke tsakanin gaɓa. Yatsanka bai goce ba kafin ka ja shi, bai kuma koma ko'ina ba bayan ya yi ƙara.

Sa'an nan ba kowane saƙo ke bin laka ba. Jijiyar ji tana cikin ƙoƙon kai ne, daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa, ba ta sauko baya ko kaɗan. Shi ya sa likitoci suka daɗe suna shakkar labarin Lillard. Akwai kuma wata babbar jijiya da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, ta bi wuya ta sauka ga zuciya, huhu da tumbi ba tare da ta shiga bututun baya ba. Zazzaɓin cizon sauro ƙwayar cuta ce a cikin jini. Ciwon suga daga yadda jiki ke sarrafa abinci yake. Babu ƙashin da za a danna su tafi.

An gwada, me aka gani?

Ba a bar maganar a fatar baki ba. A 1998 masu bincike a Kanada suka ɗauki yara masu asma suka raba su gida biyu. Rabi aka riƙa yi musu gyaran baya na gaske, rabi kuma aka riƙa taɓa su kawai kamar ana yi, alhali ba a yi. Bayan watanni aka auna numfashinsu, ba a ga bambanci ba. A 2010 hukumar da ke kula da masu wannan sana'a a Birtaniya, wato tasu ta kansu, ta faɗa wa mutanenta cewa babu shaidar bincike da ta nuna wannan ƙaramar gocewa ce ke haddasa cututtuka. Da yawa daga cikin masu sana'ar yanzu sun bar wancan iƙirari, sun tsaya ga ciwon baya, wuya da gaɓoɓi. Wasu kuwa har gobe suna nan a kan maganar Palmer, kuma bidiyonsu ne ya fi yawo.

Akwai wani binciken da nake so masu neman a yi musu radiyo, wato hoton ƙashi, su ji. A 1994 a Amurka aka ɗauki mutum 98 waɗanda bayansu ba ya ciwo ko kaɗan, aka yi musu hoto da babbar na'urar da ke nuna har faifan guringuntsi. Kusan rabinsu aka tarar faifan ya ɗan bulluƙo a wani wuri. Lafiyarsu lau, suna aikinsu. Wato in an nuna maka hoto an ce dubi nan, ya karkace, ba lallai ne abin da aka nuna shi ne ke maka ciwo ba. Baya ma yana furfura irin tasa.

To aikin hannun ba shi da amfani ke nan? Yana da shi, a inda ya dace. Ga ciwon ƙugu na yau da kullum, wanda tsoka ta ɗaure ko gaɓa ta sanƙare, danna baya da tausa a hannun wanda ya iya suna kawo sauƙi ga mutane da dama. Sauƙin matsakaici ne, kusan daidai da wanda motsa jiki ke kawowa, ba ya fin sa. Mu ma a nan masu gashin ƙashi da koyar da motsa jiki da hannu suke aiki. Kaka da ke sa jika ya taka mata baya da yamma, da matar da ake yi wa gashi da ruwan zafi, ba a banza suke yi ba. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ce hannu zai maye gurbin maganin hawan jini, ko na suga, ko na farfaɗiya. Wanda ya ajiye ƙwayarsa saboda an danna masa baya, jininsa zai ci gaba da hawa a ɓoye har ranar da zai faɗi.

Wuya kuma daban yake. Akwai hanyoyin jini da ke bi ta cikin ƙasusuwan wuya su kai ƙwaƙwalwa. Murɗa wuya da ƙarfi, ko da yake ba kasafai ba, yakan tsaga su ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Kada ka bar aboki ko mai aski ya fizge maka wuya don ya ga an yi a waya. Jariri kuwa kada a taɓa yi masa, ko wuya ko baya.

Bayan da ya lanƙwashe da gaske

Yanzu mun zo inda ya fi damunmu. A garuruwanmu akwai bayan da ke gocewa da gaske, kowa ya gan shi da ido, kuma shi ne wanda ko kusa bai kamata a danna ba.

Yawancin mutane sun san tarin tibi, wanda wasu ke kira tarin fuka ko babban tari, a matsayin ciwon huhu. Ba su san ƙwayar cutar tana bin jini ta sauka a ƙashi ba, kuma a cikin ƙasusuwan jiki duka ta fi son na baya, musamman daga tsakiyar baya zuwa saman ƙugu. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana wannan ciwo tun 1779, har yau likitoci da sunansa suke kiransa. Ƙwayar tana cin gaban ƙashin a hankali, kamar yadda gara ke cin azara. Daga waje ba a ganin kome. Wata da watanni mutum yana jin ciwo a wuri ɗaya, ciwon da kwanciya ba ta rage shi, da dare ma ya fi tsanani. Yana ramewa, abinci ba ya masa daɗi, zazzaɓi yana zuwa da yamma, gumi yana jiƙa tabarma. Sau da yawa ba ya tari ko sau ɗaya, shi ya sa ba wanda ke kawo tibi a ransa. Ranar da ƙashin da aka cinye ya kasa ɗaukar nauyi, sai ya murƙushe ta gaba, baya ya karye ya turo wani tsini kamar gwiwar yatsa. Mafarin ƙusumbi ke nan.

A wurin yaro alamar takan zo da wuri in uwa ta lura. Yaron da ke tsalle-tsalle ya koma tafiya a sanƙare. In abu ya faɗi ƙasa ba ya sunkuyawa, sai ya durƙusa a hankali yana dafe cinya. Yana firgita da kuka cikin barci. Ana ce masa raggo, alhali bayansa yake karewa.

Da tsinin nan ya fito, abin da ke zuwa wa iyali a rai shi ne ƙashi ya goce, a mayar da shi. Na ga yarinya da ba ta wuce shekara tara ba, an kawo ta a amalanke. Da ƙafarta take tafiya, ko da yake da ƙyar, har ranar da aka kwantar da ita aka danne tsinin da gwiwa don ya koma. Washegari ba ta tashi ba. Babanta ba mugu ba ne, wanda ya danna ma ba mugu ba ne, taimako suka nufa. Amma a bayan tsinin nan akwai ruɓaɓɓen ƙashi da mugunya suna dab da laka, abin da ya rage kaɗan ne. Dannawar ta ƙarasa shi.

Masu kiropiraktik da suka yi karatu sun san wannan. A ƙa'idodin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar musu a 2005 an jera ciwace-ciwacen da aka hana danna baya a kansu, a ciki akwai karaya, ciwon daji, da tibin ƙashin baya. Matsalar ita ce a ƙauyukanmu ba kasafai za ka gamu da wanda ya yi wannan karatu ba. Wanda za ka gamu da shi shi ne wanda ya kalli bidiyo. Ga maɗoranmu kuma, waɗanda muke girmamawa domin mun san hannaye da ƙafafu da yawa da suka ɗora suka warke, roƙonmu ɗaya ne: baya ba damtse ba ne. In aka kawo muku mai tsini a baya, ko wanda ƙafafunsa suka fara nauyi, ku turo mana shi a ranar. Akwai dattawan maɗora da ke yin haka tun da daɗewa, mun kuma ga amfaninsa.

Wani lokaci mugunyar takan gangaro ta fito a matsayin kumburi a kwiɓi ko a matsematsi, kumburi mai taushi, ba zafi, ba ja. Kada a yi masa sakiya ko tsaga. In aka huda shi a gida, ƙofa aka buɗe wa wasu ƙwayoyin cuta, gyambon kuma ya daɗe yana tsiyaya.

Labari mai daɗi shi ne ciwon nan yana warkewa. Maganinsa ƙwayoyin tibi ne, irin waɗanda mai tari ke sha, sai dai na ƙashi yakan ɗauki lokaci mai tsawo, sau da yawa wata tara zuwa shekara guda, kowace rana ba fashi. Wasu sai an haɗa da rigar ɗaure baya, kaɗan daga ciki kuma sai an yi musu aiki. Ƙafafun da suka yi nauyi sukan dawo in an fara magani da wuri. Yarinyar da na ambata ta yi watanni a kwance kafin babban yatsanta ya motsa, daga baya ta taka da sanda. Tsinin bai koma ba, ba kuma zai koma ba, ƙashin a haka ya haɗe. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne wata na uku ko na huɗu, lokacin da ciwo ya lafa, jiki ya fara murmurewa, damina kuma ta kama. A nan ne mutane ke ajiye magani su tafi gona, cutar ta dawo da ƙarfin da ya fi na farko. Fasto, liman, shugabar zumuntar mata, maƙwabci: in kun san mai shan wannan magani, tambayar "Ka sha na yau?" taimako ce babba. A kuma kawo sauran mutanen gidan a duba su, domin yaron da ke da tibi a baya daga wurin wani babba mai tari ya shaƙe ta.

Mai ƙusumbi ba a yi masa baki ba, ba kuma alhakin iyayensa ke binsa ba. Luka, wanda shi ma likita ne, ya ba da labarin wata mace da ta yi shekara 18 a tanƙware, Yesu ya kira ta a gaban jama'a cikin majami'a, ya ɗora mata hannu. Bai bar ta a bayan taro ba. Yaran da suka warke daga wannan ciwo suna iya karatu, su yi sana'a, su yi aure, in ba a ɓoye su a ɗaki ba.

Ba kowane karkataccen baya ne tibi ba. Akwai wanda ke karkacewa gefe a hankali lokacin da yaro ke tasowa, ya fi yawa ga ƴan mata, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, yawanci ba ciwo. Dannawa ba ta miƙar da shi, amma yana son a riƙa auna shi har girma ya tsaya. Akwai kuma ranƙwafawar tsofaffi, musamman mata, saboda ƙashi ya yi sakayau. Irin wannan ƙashi nauyin jikan da ya girma ma yana iya murƙushe shi, don haka a bar taka bayan tsohuwa, a tsaya ga tausa mai sauƙi.

Ranar da ba a jira

Akwai alamun da in suka haɗu da ciwon baya, ba a jiran ranar kasuwa, ba a jiran maigida ya dawo daga tafiya. In fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba ka sani ba, ko bayan gida ya ƙwace. In tsakanin cinyoyi, daidai inda ke taɓa sirdi ko bayan jaki, ya mutu ba ka jin taɓawa. In ƙafa tana ƙara nauyi, takalmi yana suɓucewa, kana tuntuɓe a fili. Waɗannan suna nuna an matse laka ko jijiyoyin da ke ƙarƙashinta, kuma kowace rana da ta wuce tana rage abin da za a iya cetowa.

Haka kuma ciwon baya mai tafe da zazzaɓi. Yana iya zama ƙoda, musamman in ciwon a gefe ɗaya yake ƙarƙashin haƙarƙari kuma fitsari yana zafi. Yana iya zama cutar nan da ke sa shanu da awaki ɓari, wadda ke kama mutum ta ɗanyen nono ta sauka a ƙugu. Wannan dalili ne mai kyau na tafasa madara. Yaro mai amosanin jini ma bayansa yakan yi ciwo mai tsanani. Dattijon da fitsari ke masa gardama, ko macen da ke da ƙulli a nono, in ciwon baya ya same su yana hana su barci, a duba su da kyau.

Sai kuma hatsari. Wanda ya faɗo daga bishiya wurin sassabe wa dabbobi ganye, ko rijiya ta rufta da shi, ko kabu-kabu ya kayar da shi, in ya ce wuyansa ko bayansa, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a zaunar da shi, kada a ja shi don a miƙar da shi, kada a naɗe shi a kujerar mota. A cire ƙyauren ɗaki ko a samo faffaɗan katako. Mutum huɗu su ɗaga shi gaba ɗaya kamar gungume, ɗaya yana riƙe da kai daidai da jiki. A tare kan da tsumma dama da hagu, a ɗaure shi a kan katakon da zane. Sau da yawa ƙashi ya karye amma laka ba ta tsinke ba, ɗauka ce ke ƙarasa ta.

Ciwon ƙugu na kowa da kowa

Kada abin da aka faɗa a sama ya tsorata ku. A cikin masu dafe da ƙugu a rumfarmu, mafi yawa ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a shekarar 2020, har da waɗanda ba su taɓa riƙe kalme ba. Yawancinsa yakan lafa da kansa cikin ƴan makonni, ko da yake yana son dawowa. Ko wanda ke harbawa daga ɗuwawu zuwa ƙafa kamar tafiyar kiyashi, saboda faifan guringuntsi ya taɓa jijiya, yakan yi sauƙi ba tare da aiki ba, sai dai yana buƙatar haƙuri.

Da can ana cewa a kwanta. Yanzu an gane doguwar kwanciya ƙara sanƙarar da baya take yi. Kwana ɗaya ko biyu sun isa, daga nan a tashi a riƙa takawa, a koma ƙananan ayyuka. A gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi. Da safe kafin ka tashi, kwanta rigingine ka jawo gwiwoyi zuwa ƙirji a hankali, ka saki, ka maimaita. Wurin ɗaga buhun albasa ko bido, matso kusa da shi, lanƙwasa gwiwa, ka bar cinyoyi su yi aikin, kada ka juya ƙugu da kaya a hannu. Buhun da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, biyu su kama, ba ragwanci ba ne. A gona a riƙa miƙewa bayan kowane ƴan kunya. Mai noma da doguwar hauya a tsaye ya fi mai gajeriyar ƙota hutun ƙugu, inda ƙasa ta ba da dama. Mata kuwa, mun san tsakanin rijiya, turmi, itace da goyo babu wurin hutu, kuma faɗa a takarda ya fi yi sauƙi. Maganar ga mazaje take: mai ciki da mai jego ba su kamata su yi ta jan wasaki su kaɗai ba, kuma kuɗin niƙa a inji ya fi kuɗin magani araha.

Ku yi hattara da ƙwayoyin masu talla. Haɗin nan na ja da fari da rawaya da ake ƙullawa a leda yakan ƙunshi magungunan da ke ƙona tumbi su lalata ƙoda in an daɗe ana sha, wani lokaci har da wanda ke kumbura fuska ya raunana ƙashi, ya kuma ba tibi ƙarfi. Tramol yana rufe ciwo ya sa mutum ya yi aikin da ya fi ƙarfin bayansa, daga baya ya kasa rabuwa da shi. Mai ciki, mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda kada su sha maganin ciwon jiki sai wanda ma'aikacin lafiya ya rubuta musu. In an yi wata ɗaya da rabi ba sauƙi, a zo a duba, a taho da duk ledojin maganin da aka sha.

Dattijon da ya nuna mini bidiyo, mun kwantar da shi mun bi bayansa ƙashi bayan ƙashi. Ba tsini, ba zazzaɓi, ƙafafu da ƙarfinsu, fitsari lafiya. Tsokar ƙugu ce ta ɗaure tamau. Da muka auna jininsa kuwa, ya hau sosai, ashe ya yi mako uku da ajiye ƙwayarsa yana jiran a mayar masa da ƙashi. Na ce, "Baba, bayanka za mu aika ka wurin masu gashi su tausa shi, su nuna maka motsin da za ka riƙa yi. Amma ƙwayar nan yau za ka koma mata." Ya yi shiru, ya juya wayar a hannunsa, ya ce, "To, ƙarar fa? Ba za a yi mini ƙarar ba?" Muka rubuta masa ya dawo bayan mako biyu a sake awo.